Lamba Mai Alƙaluma 617: Lissafin Da Ke Gadin Kuɗi A Waya Da POS

A Badarawa da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, kamar sauran unguwannin birnin, da wuya a yi doguwar tafiya ba a ga mai POS a ƙarƙashin lema ba. Ana saka kati, ana tura kuɗi ta manhajar banki, amma kaɗan ne suka san cewa wani tsohon lissafi na cikin masu gadin wannan ciniki.

Masana lissafi sun kasa lambobin da suka haura 1 gida biyu. Akwai masu rabuwa, kamar 15, wadda 3 da 5 ke rabawa ba saura. Akwai kuma marasa rabuwa, kamar 7, 13 da 97, waɗanda babu mai raba su sai 1 da su kansu.

Sirrin yana nan: 89 sau 97 ya ba da 8,633, ko kalkuletar waya za ta yi shi nan take. Amma a ba mutum 8,633 a ce ya nemo lambobin da suka haife ta, sai ya yi ta gwaji. Idan lambar ta girma sosai, kwamfuta ma sai ta gaza.

A kan wannan aka gina tsarin RSA, wanda Ron Rivest, Adi Shamir da Leonard Adleman suka fitar a jami'ar MIT ta Amurka a 1977. Guntun ƙarfen da ke jikin katin ATM na amfani da shi, haka ma shafukan intanet masu yawa. Makullin da aka fi sani lamba ce mai alƙaluma 617. A 2020 masu bincike sun fasa wata mai alƙaluma 250 kacal, aikin da zai ci wa ƙwaƙwalwar kwamfuta guda kimanin shekara 2,700.

Akwai kuma masu farautar manyan lambobin. A Oktoban 2024, Luke Durant, tsohon ma'aikacin Nvidia, ya gano wadda ta zarce duk marasa rabuwa da aka sani, mai alƙaluma 41,024,320. Ana samun ta idan aka jera 2 sau 136,279,841, aka ninka su da juna, aka cire 1. Mai karanta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa zai shafe kusan kwana 475 bai huta ba. Ita ba ta yin makulli, domin kowa ya san ta.

Shi ya sa 'yan damfara ba sa wahalar da kansu da lissafi. Waya suke bugowa da sunan banki, su nemi PIN ko lambar OTP. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: duk ƙarfin alƙaluma 617, ba sa kare wanda ya karanta wa baƙo alƙaluma huɗu na katinsa.