Yadda Waya Ke Gano Ko Oksijin Sensar Mota Ta Mutu Kafin A Sayi Sabuwa

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, mai mota ya koma kallon allurar mai kamar yadda mai waya ke kallon ragowar caji. Idan mota ta fara shan mai fiye da kima, ga fitilar cek injin ta kunnu, abin da aka fi faɗa wa mutum a gareji shi ne oksijin sensa ce. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuma lafiyarta ƙalau, laifinta kawai ita ce ta kawo labarin matsalar.

Sensar ƙaramar na'ura ce mai kama da fulogi, a ɗaure take jikin bututun salansa. Tana auna iskar oksijin da ta rage a cikin hayaƙi, ta sanar da kwamfutar motar, ita kuma ta ƙara mai ko ta rage. Injin fetur ya fi son kilo 14.7 na iska a kan kilo 1 na mai. Yawancin motoci masu silinda huɗu sensa biyu gare su: ɗaya a gaban matatar hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, ɗaya a bayanta. Ta gaban ce ke da hannu sosai a shan mai. Ta bayan babban aikinta sa ido ne a kan indomin.

Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, sunansa OBD2, kuma yawancin 'yan Kwatano da ke yawo a titunanmu suna da shi. Ana cusa masa ɗan ƙaramin adafta irin ELM327, a haɗa da waya ta Bluetooth, a buɗe manhaja kamar Torque ko Car Scanner, sai lambar matsalar ta fito.

Lambar ba hukunci ba ce. P0135 na nufin layin da ke ɗumama sensar gaba ya samu matsala, P0141 kuma na ta baya. Wannan na iya zama sensar ce, amma fiyus da ya ƙone ko wayar lantarki da zafin salansa ya narkar su ma suna kawo shi. P0133 na cewa sensar ta yi nauyin amsawa, wanda yawanci tsufa ne. P0171 kuwa ita ta fi cinye kuɗin mutane a banza: tana cewa iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, kuma galibi tiyo ne ya tsage yana shan iska, ko famfon mai ya yi rauni. Haka P0420, wadda ke nuna indomin ne ya gaji, ko ma an fasa an cire shi tun kafin motar ta zo hannun mai ita. Sabuwar sensa ba za ta gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba.

Shi ya sa ya kamata a kalli abin da sensar ke faɗa kai tsaye a manhajar bayan inji ya yi zafi. Mai lafiya ta tsohon salo tana hawa da sauka da sauri tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Idan ta tsaya cak ko tana jan jiki, da alama ta gaji. Sai dai Toyota da Honda da yawa suna da wata irin sensar gaba da ba ta wannan tsalle-tsallen, don haka ganin layinta a miƙe ba shaidar mutuwa ba ne.

Idan an tabbatar ita ce, canjin ba wahala. A bar inji ya huce, a zare soket ɗin wayarta, a fesa man kwance tsatsa a gindinta a ba shi lokaci, sannan a kwance da sifana mai lamba 22. Sabuwar a fara murza ta da hannu don kada zaren ya hau karkace, kuma kada maiko ya taɓa bakinta. A mayar da wayar inda ba za ta jingina da salansa ba, a goge lambar ta cikin manhaja, a yi 'yan kwanaki ana tuƙi a ga ko fitilar za ta dawo.

Wajen saye, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano ko Panteka a Kaduna, gara a je da tsohuwar a hannu da lambar da ke jikinta, domin ta gaba da ta baya kan yi kama amma aikinsu ya bambanta. Kuma motar da injinta ke ƙona baƙin mai, to shi za a fara gyarawa, don tokar da ke bin hayaƙin za ta toshe sabuwar kamar yadda ta toshe tsohuwar.