Hoton kare a kan fata: Tasawa da Mayahi da wata sabuwar kwalliya ta Turawa

A biranen Turai da Amurka akwai shaguna na musamman inda mutum kan shiga da hoton karensa, ya miƙa damtse ko ƙirji, a zana masa kamannin dabbar da allura da tawada, zanen da ba ya gogewa har ranar mutuwa. Wani sawun ƙafar karen yake so, wani sunansa da shekarar da ya mutu. Cikin 1891 aka yi rajistar injin farko na wannan aiki a birnin Niyok, kuma wani bincike da cibiyar Pew ta yi a 2023 ya nuna kashi 32 cikin 100 na manyan mutanen Amurka suna da irin wannan zane, akasarinsu kuwa sun ce don tunawa da wani ko girmama wani abu suka yi shi. Yanzu hotunan sun iso jahar Maraɗi ta wayar salula da bakin ƴan cin rani, har samari suna miƙa wa juna a kasuwannin Tasawa da Mayahi, wasu na dariya, wasu na sha'awa.

Zane a jiki dai ba baƙo ba ne a wannan yanki. Tun ranar suna wanzami kan zo da zabirarsa, ya yi wa jariri aski, ya yi masa tsagar gidansu, ta yadda in ya girma ya shiga kasuwar Kanambakashe ko ta Maijirgi ba sai an tambaye shi asali ba: kumatunsa sun riga sun faɗa ko Bagobiri ne, ko Bakatsine, ko Babarbare. A zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi, wannan tsaga ta mayar da mutane da yawa ga danginsu. Bayan tsagar gado akwai ta magani, sannan ga jarfa da shasshawa ta kwalliya, wadda ƴan mata kan je a yi musu a shafa baƙin tukunya cikin shaushawar don ta fito rangaɗau. Kowace da sunanta: bille, kalangu, ƴar baka, fashin goshi, da wadda ake kira kwanciya da masoyi, sunan da ya isa shaida cewa tun kafin Bature ya ƙera injinsa Bahaushiya ta san rubuta ƙauna a fata.

Abin da ba a taɓa rubutawa ba shi ne kare. Fatar Bahaushe wurin ajiye sunan kakanni ce, kare kuwa sunansa zagi ne. Wanda aka ce wa ɗan kare a gaban jama'a, sai dattawa sun shiga tsakani. Haɗa waɗannan biyu a jiki guda, a wurin tsohon da ke Urafan ko Korgom, ya wuce wauta, ya kusa zama cin mutuncin gida.

Amma kuskure ne babba a ɗauka cewa ba a ƙaunar kare a nan. A je wurin mafarauta a gani. Da an gama girbin gero da wake, rani ya kama, sai a ji ganga, ƙauyuka su fito da kere da gora su bazu cikin kwarin Gulbin Kaba, tsakanin goriba da gawo, karnuka na gaba suna tayar da zomo da zabon daji da kurege da gafiya. Mafarauci ya san muryar karensa cikin haushin talatin. Tun yana kwikwiyo ya ɗauko shi, ya raɗa masa suna, ya ba shi tuwo da tsaki daga abin da gidansa ke ci, ya rataya masa laya a wuya, ya yi masa kirari in ya yi kamu. In faɗa ya tashi a daji kan wanda karensa ya fara kama nama, to, ana iya fasa kai, domin taɓa kare taɓa mai shi ne. Makiyayi ma a arewacin Mayahi yakan yi barci ne da yardar karen da ke gadin garkensa daga dila. Hausawa da suka ce karen bana shi ke maganin zomon bana, ai sun san darajar abin da suke magana a kai. Sai dai dajin ya ƙanƙance: farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 da faɗaɗar gonaki sun kore manyan namun dawa, kuma doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta ƙayyade yadda za a yi farauta a ƙasar Nijar.

Malamai sun raba maganar gida biyu, kuma rabon yana da ban sha'awa. Game da kare, mazhabar Malikiyya da ake bi a nan ta fi sauran sassauci, don ta ɗauki kare mai rai a matsayin mai tsarki, an kuma halatta ajiye shi saboda farauta da kiwo da gona. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, Suratul Kahfi ta ambaci karen da ya kwanta a bakin kogo tare da samarin nan, ga kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Game da zanen kuwa babu sassauci: Buhari da Muslim duka sun ruwaito la'anta a kan mai yin jarfa da mai neman a yi mata. Wannan wa'azi, tare da gargaɗin likitoci, shi ya sa tsagar gado kanta take ja da baya, yara da yawa na tasowa da kumatu sumul. Lalle bai shiga wannan hukunci ba, tunda a saman fata yake zama, cikin ƴan makonni ya kau.

Likita kuma nasa tsoron na allura ne. Tawadar tana shiga ƙarƙashin fatar sama, inda jini yake, saboda haka allura ko askar da aka yi wa mutum biyu aiki da ita ba a dafa ba tana iya ɗaukar ciwon hanta ko sida daga wannan zuwa wancan. Saurayin da ya yi zane a bakin titi a ƙasar waje, in ya dawo gida neman aure ya yi nadama, cirewar sai da injin haske na musamman, zuwa bayan zuwa, da kuɗin da ya ninka na zanen, kuma sau da yawa tabo na saura.

Wani abin mamaki, a Faransa kare aka fara yi wa zanen a hukumance: tun 1971 ake buga masa lamba cikin kunne ko a cinya, don in ya ɓace a gane mai shi, kafin daga baya ƴar na'urar da ake sawa ƙarƙashin fata ta karɓe yawancin aikin. Su kuma Turawan, ɗaya daga cikin karnukan da suke alfahari da su daga wannan ƙasa ya fito, wato dogon siririn karen Azawak na Abzinawa, wanda aka kai Turai cikin shekarun 1970, ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi sosai a 2019.

Karen Tasawa da na Mayahi, allurar da yake bukata ita ce ta rigakafin hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, yara na da kaso mai yawa, kuma da zarar alamun ciwon sun bayyana babu magani. Ana yi wa kare rigakafin tun yana da wata 3 a wurin ma'aikatan kiwo, a riƙa sabuntawa. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi likita a ranar, ko da karen na gidansu ne.