Feda da Gwiwa: Abin da Za Mu Koya Daga Masu Tseren Keke

Ƴan'uwa manoma, keke shi ne jakinmu na zamani. Da shi muke zuwa garaken Jiratawa. Da shi muke kai tumatir, albasa da zogale kasuwar Maradi, wasunmu har Tibiri. Amma da yawanmu muna kukan ciwon gwiwa, muna cewa tsufa ne. Sau da yawa laifin na feda ne da sirdi.

Mu yi lissafi. In muna juya feda sau 60 a minti ɗaya, a cikin awa ɗaya gwiwa ta lanƙwashe sau 3600. Ƙaramin kuskure, in aka maimaita shi haka, ciwo yake zama.

Fedar masu tsere

Masu tseren keke, kamar na gasar Tour du Faso da aka fara a Burkina Faso a 1987, suna da wata feda ta daban. A ƙarƙashin takalminsu akwai ɗan makulli. In suka taka, sai ya kama fedar. Kamfanin Look na Faransa ya fito da irin wannan feda a 1984. A 1985 Bernard Hinault ya ci gasar Tour de France da ita.

Sai aka lura cewa in ƙafa ta ɗaure tamau, gwiwa ce ke shan wahala. Ƙafar mutum takan ɗan murɗa duk lokacin da ya taka. Saboda haka aka bar wa diddige ɗan sarari, ya motsa hagu da dama ba tare da makullin ya buɗe ba. Wasu fedoji suna barin digiri 6, wasu digiri 9. Digiri 6 shi ne tazarar da dogon hannun agogo yake ci a minti ɗaya.

Abu na biyu shi ne fita. In mai tsere zai tsaya, sai ya murɗa diddigensa waje, kamar digiri 15, makullin ya saki. In makullin yana saurin saki, ƙafa ta kuɓuce ana cikin gudu. In yana da tauri, mutum ya faɗi tare da kekensa.

Darasi a gare mu

Kekenmu ba shi da makulli, kuma ba ma bukatarsa. Amma dokar ɗaya ce: ƙafa ta zauna daram, gwiwa ta sami sarari, sauka ta yi sauƙi. Ga abin da za mu kiyaye:

1. In robar feda ta karye, ƙarfe kaɗai ya rage, mu sake ta. Tsirarar ƙarfe yana zame ƙafa, yana ji mana rauni a ƙwauri.

2. In ƙarfen fedar ya lanƙwashe, mu kai wa mai gyaran keke. Yana murɗa gwiwa a kowane juyi.

3. Mu taka da tudun da ke bayan babban yatsa. Kada mu tilasta wa ƙafa ta miƙe sak. Mu bar ta yadda take zama in muna tafiya.

4. Mu daidaita sirdi. Mu zauna, mu sa diddige a kan feda tana can ƙasa. In ƙafa ta miƙe daidai, sirdin ya yi. Sirdi mai ƙasa-ƙasa yana kawo ciwo a gaban gwiwa. Wanda ya cika tsawo yana kawo shi a bayanta.

5. In kaya sun yi nauyi a tudu ko cikin rairayi, mu sauka mu tura.

In gwiwa ta kumbura, ko ciwon bai tafi ba bayan hutu, mu je asibiti. Kuɗin sabuwar feda bai kai asarar kwana ɗaya a garka lokacin ban ruwa ba.