Ciwon Haukan Kare da Sabuwar Allurar Rigakafinsa

'Yan'uwana ɗalibai, maƙasudin wannan rubutu nawa shi ne in yi bayani a kan wani mugun ciwo da ya shafe mu, mu mutanen Ikara da Makarfi da Kudan, inda mafarauta da manoma ke ajiye karnuka. Wannan ciwo kuwa shi ne haukan kare.

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana cikin yawun mahaukacin kare. In ya ciji mutum, sai ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Da zarar alamu sun bayyana, kamar tsoron ruwa da firgita, to da wuya ƙwarai a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon yana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Asiya da Afirka, kuma yara suna da yawa a cikinsu.

Wani masani na ƙasar Faransa, Louis Pasteur, shi ya fara yi wa mutum rigakafinsa a 1885, ya ceci wani yaro ɗan shekara 9. Allurar da ake yi wa mutane yanzu, matacciyar ƙwayar cutar ce a ciki. Tana aiki sosai, amma tana da tsada, kuma tilas a ajiye ta cikin firij. To, mun san halin wutar lantarki a ƙauyukanmu.

Saboda haka masana suka shiga neman wata dabara, wato allurar ƙwayar gado, wadda suke kira DNA. Ba a sa cutar a cikinta, sai dai ɗan umurnin yadda ake yin rigar da ƙwayar ke sawa. In aka yi wa jiki ita, sai ya ƙera rigar da kansa, sojojin jini su gan ta su shaida ta. Kamar a nuna wa 'yan banga hular ɓarawo ne, ran da ya shigo gari ba ya da wurin ɓuya. An fara gwada ta a jikin ɓeraye a Amurka a 1994. Amfaninta shi ne tana jure zafi. Sai dai ƙarfinta a jikin manyan dabbobi bai kai na ɓera ba, har yanzu kuma ba a yarda a yi wa mutane ita ba.

Kafin ta iso, ga shawarata. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a garzaya asibiti ran nan, kada a tsaya shafe-shafe. Mai kare kuwa ya kai shi wajen likitan dabbobi, ko asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. In aka yi wa karnuka 70 cikin 100 allura, ciwon zai daina yaɗuwa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kiyashe mu, amin.