Guguwa ba ta zo Fatakwal ba, amma ruwa ya zo

A watan Agustan 2005 guguwar Katirina ta fasa katangun da ke tare ruwa a New Orleans, ruwa ya shanye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin, mutum sama da 1,300 suka rasu. Da yawa daga cikin irin waɗannan guguwoyi a sararin Afirka ta Yamma suke samo asali. Hadarin da ke keta Sahel da damina yakan faɗa Tekun Atlantika ta wajen Senegal, ɗumin ruwa ya ƙara masa ƙarfi har ya fara murɗawa. Iska ce ke kora shi yamma. Fatakwal kuwa tana dab da layin da ya raba duniya biyu, inda juyawar ƙasa ba ta da ƙarfin murɗa iska, shi ya sa ba mu san wannan bala'in ba.

Namu ta kogi yake zuwa. A 2012 hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ce ambaliya ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan 2 da muhallansu. A 2022 mamatan sun haura 600. A Ogbaru, ƙasan Anacha, kwale-kwale ya kife a watan Oktoba da mutanen da ke gudun ruwan, aka ce 76 ne suka halaka.

Ɗan kasuwar Mile One a Fatakwal ruwa bai shiga rumfarsa ba, amma ya ji a jikinsa. Da kogunan Kwara da Binuwai suka cika suka batse a 2022, hanya ta yanke a Koton Karfe kusa da Lakwaja. Tireloli suka yi cirko-cirko kwana da kwanaki, tumatir da albasa suna ruɓewa a kai, dabbobi suna galabaita. Wanda ya karɓo kaya bashi daga Kano ya wayi gari ba uwa ba riba, mai saye a Inugu ya tarar farashi ya tashi.

Abin takaici, wannan ruwa yana yin sallama kafin ya iso. Kamaru takan sanar idan za ta buɗe madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, wadda aka kammala tun 1982. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara a Adamawa don ta tare rarar ruwan, har ambaliyar 2022 ta zo ba a gina ta ba. A lokacin shekara 40 ke nan cif, ana ta kafa kwamiti.