Abin da ya kamata ku sani game da biza da fasfo kafin hawa jirgin ruwan yawon shaƙatawa

Ɗan kasuwar da ya saba zuwa Dubai ko Chaina saro kaya, da ma'aikacin da akan tura taro Landan, sun san tsarin tafiya ta jirgin sama. Ƙasar da za a je ita ake nema wa biza, idan ta fito a kama hanya. Tafiya a jirgin ruwan yawon shaƙatawa ba haka take ba. A cikin mako guda jirgin kan yada zango a ƙasashe uku ko huɗu, kuma kowace tashar da ya tsaya kan iyaka ce mai dokokinta da jami'anta.

Manyan kamfanonin da ke wannan harka, irin su MSC da Royal Caribbean da Costa, sun bayyana a sharuɗɗan tikitinsu cewa alhakin samun takardun tafiya yana wuyan fasinja. Wanda ya iso tasha da takardun da ba su cika ba ba zai hau ba, kuma ba a mayar masa da kuɗin tikiti. Idan iyali ne, asarar ta haɗa da kuɗin jirgin saman da ya kawo su da na otal. Mai fasfon Najeriya, wanda akasarin ƙasashen da jiragen nan ke zuwa ke neman biza a wurinsa, shi ya fi kowa buƙatar yin wannan lissafi tun kafin ya biya ko sisi.

Wa'adin fasfo da rubutun suna

Yawancin kamfanonin suna buƙatar fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, kuma ana ƙirgawa ne daga ranar da tafiyar za ta ƙare. Wanda jirginsa zai dawo ranar 20 ga Disamba, sai fasfonsa ya kai 20 ga Yunin shekara mai zuwa ko ya wuce. Ƙasashen Turai na yankin Shengen wata uku suke nema bayan ranar fita, tare da sharaɗin cewa an ba da fasfon a cikin shekara goma da suka wuce kuma yana da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba. Duk da haka, a bakin jirgi ƙa'idar kamfani ce ke aiki, don haka wata shidan shi ne ma'auni.

Hukumar Kula da Shige da Fice ta Ƙasa tana ba da fasfo mai shafi 32 na shekara biyar da mai shafi 64 na shekara goma. Kowace biza tana cin shafi guda, hatimin shiga da fita kuma suna cin nasu. Ɗan kasuwar da fasfonsa ya kusa cika gara ya sabunta shi kafin ya fara neman biza.

Akwai kuma batun suna, wanda ya fi shafar mutanenmu. Mutum ɗaya kan zama Muhammad a fasfo, Mohammed a tikiti, ko kuma a sa sunan mahaifi a gurbin nasa. Dole sunan da ke tikitin jirgin ruwa ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, domin shi kamfani ke aika wa hukumomin kowace tasha kafin jirgi ya iso.

Zama a cikin jirgi ba ya ɗauke biza

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tunanin cewa wanda ba shi da bizar wata ƙasa zai iya zama a ɗakinsa ranar da jirgi ya tsaya a can. A ƙasashe da dama, da zarar jirgi ya shiga tasha, duk wanda ke cikinsa ya shigo ƙasar a idon doka. Ban da haka, rashin lafiya ko lalacewar inji na iya tilasta a sauke fasinjoji a inda ba a shirya ba.

Kanada misali ce. Wata dokar Amurka ta shekarar 1886 ta sa jiragen da ke da rajistar ƙasar waje, idan suka tashi daga birnin Siyatil zuwa Alaska, sai sun tsaya a wata tashar da ba ta Amurka ba kafin su dawo. Galibi a Biktoriya ta Kanada suke tsayawa, wani lokaci na 'yan sa'o'i da yamma. Wannan ɗan tsayin ya isa a nemi bizar Kanada a wurin mai fasfon Najeriya, ko da ba zai taka ƙasa ba.

Akwai tashoshin da kan yi wa fasinjan jirgin ruwa rangwame na yini ɗaya, amma rangwamen ya danganta da fasfon da mutum ke riƙe da shi. Abin da aka yafe wa Bature ba lallai ne an yafe wa ɗan Najeriya ba.

Bahar Rum da bizar shiga sau ɗaya

Yankin Shengen ya ƙunshi ƙasashe 29, ciki har da Sifaniya da Faransa da Italiya da Girka da Malta, kuma biza ɗaya ce ke shigar da mutum dukkansu. Inda ake tuntuɓe shi ne adadin shigar da aka rubuta a jikin bizar, wanda kan kasance 1 ko 2 ko MULT, wato shiga ba iyaka a cikin wa'adinta.

A ɗauka jirgi ya tashi daga Basalona, ya tsaya a Marsel da Jenowa, ya tsallaka Tunis, sannan ya koma Basalona. Matafiyin da ya sauka a filin jirgin saman Basalona ya riga ya yi amfani da shigarsa ta farko. Zuwa Tunis fita ce daga yankin, komawa Basalona kuma sabuwar shiga ce. Mai bizar shiga sau ɗaya tun a ranar farko za a tsayar da shi, domin kamfani ya san ba zai iya sauke shi a ƙarshen tafiya ba. Haka lamarin yake ga duk tafiyar da ta ratsa Turkiyya ko Maroko ko Masar ko Montenegro ko Birtaniya, kuma kowace daga cikinsu tana da nata sharuɗɗan shiga daban. Ireland da Saifurus suna cikin Tarayyar Turai amma ba sa cikin Shengen. Tsibiran Kanari kuwa, duk da suna daura da gaɓar Maroko, mallakar Sifaniya ne, bizar Shengen ake nema.

Ana neman bizar ne a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, idan kuma kwanakin sun zo daidai, sai na ƙasar da za a fara shiga. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun daga watan Yunin 2024, yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu. Ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida a tafi, amsa kuma kan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45. Yana da kyau a haɗa da cikakken jadawalin jirgin, a kuma bayyana a rubuce cewa shiga fiye da sau ɗaya ake buƙata.

Amurka da tsibiran Karibiyan

A intanet za a ga an rubuta cewa jirgin da ya tashi daga Mayami ya dawo Mayami ba ya buƙatar fasfo, takardar haihuwa da katin shaida sun isa. Wannan sassauci na 'yan ƙasar Amurka ne. Ga kowa kuma, dawowa daga Bahamas ko Jamaika sabuwar shiga Amurka ce.

A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara da take ba 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, abin da bai dace da tafiyar da ake fita a dawo ba. A watan Disambar shekarar kuma ta sanya Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita ba su bizar ziyara daga 1 ga Janairun 2026. Duk mai niyyar irin wannan tafiya sai ya fara duba halin da ake ciki a shafin ofishin jakadancin.

Barbados ba ta neman biza a wurin 'yan Najeriya, kuma jirage na tashi daga can, amma hanyar zuwa ita ce matsala. Najeriya da Ghana suna cikin ƙasashen da ake neman bizar wucewa a wurin 'yan ƙasarsu ko da canjin jirgi kawai za su yi a filayen jiragen saman Shengen ko na Birtaniya, sai wanda ke da wata takardar da ta keɓe shi.

Jidda da Dubai da Durban

Kamfanin Aroya na Saudiyya ya fara jigila daga Jidda a watan Disambar 2024, yana kai fasinjoji tashoshin Bahar Maliya har da na Masar. Jiragen da ke tashi daga Dubai kan leƙa Doha da Bahrain da Maskat, na Durban a Afirka ta Kudu kuma kan je gaɓar Mozambik. Ƙa'idar ba ta canza ba, duk jirgin da ya fita daga ƙasa ya dawo, sai fasinja yana da izinin sake shiga. Wanda ke son haɗa Umara da irin wannan tafiya ya tabbatar bizar da ke hannunsa ta ba shi damar fita ya dawo.

Katin rigakafi da takardun yara

Najeriya tana cikin ƙasashen da ake samun cutar shawara, don haka ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Masar da Saudiyya na neman katin rigakafinta. Katin yana fara aiki ne kwana goma bayan an yi allura, kuma tun daga Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na tsawon rayuwa. A Najeriya, sashen kula da lafiya a tashoshin shiga ƙasa na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ne ke bayar da shi.

Kowane yaro, har da jariri, sai da nasa fasfon da bizarsa. Idan da uwa kaɗai zai yi tafiya, ko da kawu ko goggo, akan nemi takardar haihuwa da takardar amincewar iyaye da aka tabbatar a hukumance.

Matakan da suka dace

Tun ran gini ran zane. A fara karɓar jadawalin tafiyar, a rubuta kowace tasha da ƙasarta, har da filayen jiragen saman da za a ratsa. A aika wa kamfanin jirgin da kansa, a faɗi irin fasfon da ake riƙe da shi, a nemi amsa a rubuce, sannan a gwada ta da abin da ofisoshin jakadanci suka wallafa. Ejan na iya taimakawa wajen cika takardu, amma ba shi ke ba da biza ba, kuma ba zai kasance a bakin jirgi ranar hawa ba.

Tunda ofisoshin jakadanci kan nemi shaidar an kama gurbi a jirgi, a biya kafin alƙalami kawai, a zaɓi tikitin da ake iya fasawa, a kuma riƙe ranar ƙarshe da za a iya fasawa ba tare da asara ba. Idan ranar ta gabato biza ba ta fito ba, a ɗage tafiyar.

A cikin jirgi, akwai hanyoyin da ma'aikata kan karɓi fasfo su ajiye don sauƙaƙa tantancewa a tashoshi, saboda haka a riƙe kwafinsa da na biza a aljihu da kuma a waya. Kowane yini akan sanar da lokacin komawa jirgi da lambar wakilin kamfani a tashar. Jirgi ba ya jiran wanda ya makara a kasuwa, kuma wanda aka bari zai bi shi tasha ta gaba da kuɗinsa, idan yana da bizar shiga ƙasar da jirgin ya nufa.