Babi Na Bakwai: Makin Haɗarin Gado, Har Ina Za A Amince Da Shi?

Gadon cutar sikila a fili yake. Canji ne a ƙwayar gado guda ɗaya, kuma idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar mai SS. Ciwon zuciya da ciwon suga da sankarar mama kuwa galibi ba haka suke ba. Dubban ƙananan bambance-bambance ne a cikin DNA ke taruwa, kowanne shi kaɗai tasirinsa bai taka kara ya karya ba. Masana kan haɗa su duka su fitar da lamba guda, wato makin haɗarin gado.

Ana samo makin ne ta hanyar kwatanta DNA ɗin masu cuta da na masu lafiya, a rumbunan bayanai irin su UK Biobank na Birtaniya, mai ɗauke da bayanan mutum kusan 500,000. A 2018, Amit Khera da abokan aikinsa sun gano cewa kashi 8 cikin 100 na waɗanda suka auna suna da haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya ninki uku na sauran jama'a.

Sai dai wannan lissafin taro ne. Da an zo kan mutum ɗaya, sai makin ya yi rauni. Wani nazari a mujallar BMJ Medicine a 2023 ya nuna cewa idan aka yarda a tsorata kashi 5 na masu lafiya bisa kuskure, kusan kashi 11 kacal na waɗanda za su kamu ne makin ke ganowa. Mafi yawan masu kamuwa suna cikin masu matsakaicin maki, domin su ne suka fi yawa, kuma shekaru da cima da shan taba da ƙiba duk suna da nasu rabon.

Ga kuma batun asali. A 2019, an ƙiyasta cewa kashi 79 na waɗanda aka yi irin wannan bincike a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali su kashi 16 ne na mutanen duniya. 'Yan Afirka sun fi kowa yawan bambancin ƙwayoyin gado, don haka makin da aka gina a kan Turawa ya fi yin kuskure a kansu.

Makin yana iya taimaka wa likita ya san wanda zai fara sa wa ido da wuri, amma ba ya yanke hukunci a kan kowa. Babban maki ba tabbacin kamuwa ba ne, ƙarami kuma ba ya ɗauke wa mutum awon hawan jini da na suga.